Spitfire ko Mustang: tsakanin Ingila da Amurka, wa ya fi iya ƙera jirgin yaƙi mai farfela?

Dan_Fagge:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Akwai gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ina so masana su sa baki. A Yaƙin Duniya na Biyu, cikin jirage masu farfela irin waɗanda aikinsu kakkaɓo jirgin abokan gaba, na wa ya fi tsakanin Ingila da Amurka? Ingila na da Spitfire da Hurricane da Typhoon da Tempest. Amurka na da Mustang da Thunderbolt da Lightning da P-40, ga kuma Hellcat da Corsair na sojan ruwa. Ni dai na ce Amurka ta yi fintinkau, hujjata kuma ɗaya ce. A watan Maris na 1944 Mustang ya tashi daga gabashin Ingila ya raka jiragen bam har Berlin, tafiyar kusan kilomita 900, ya yi faɗa a can ya dawo. Spitfire kuwa yana tsallaka ruwa ya leƙa Faransa ko Holand, sai matuƙi ya fara satar kallon allurar mai. Mai ja ya fito da alƙaluma, ban da son zuciya.

Sarkin_Gardama:
Wa alaikumus salam. Mustang ɗin da kake taƙama da shi, injin wa ke cikinsa? Wa ma ya sa aka ƙera shi? Amsa wannan tukuna.

Injiniya_BK:
Tambayar Sarkin_Gardama tana kan hanya, bari in buɗe ta. A 1940 wakilan Ingila suka je kamfanin North American suna neman ya riƙa ƙera musu P-40 na Curtiss. Kamfanin ya ce a'a, ku bar mu mu zana sabo wanda ya fi shi. Edgar Schmued ne ya ja ragamar zanen, gangar jikin ta fito cikin kwana 102, jirgin ya fara tashi ranar 26 ga Oktoba 1940. Sunan Mustang ma mutanen Ingila ne suka raɗa masa.

Injinsa na farko Allison V-1710 ne mai silinda 12, kuma a ƙasa-ƙasa ba shi da laifi. Matsalar tana sama. In an hau, iska shara-shara take zama, shi ya sa kowane inji ke da sufacaja, wato fankar da ke matse iska ta ɗura wa silinda. Ta Allison fanka ɗaya ce, giya ɗaya, da an haura ƙafa 15,000 sai ƙarfi ya fara zubewa. Don haka Ingila ta ajiye Mustang na farko a aikin ɗaukar hoto da harbin abin da ke ƙasa.

A Afrilu 1942 matuƙin gwaji na Rolls-Royce, Ronald Harker, ya tuƙa shi ya ce a gwada sa masa injin kamfaninsu, Merlin 61. Shi wannan fanka biyu gare shi a jere, giya biyu, da ƙaramin lagireto mai sanyaya iskar bayan an matse ta, kafin ta shiga silinda. Aikin Stanley Hooker ne da mutanensa. Daga nan P-51B ya fito, shi ne kuma wanda ya je Berlin.

Dan_Fagge:
Na ji, Injiniya. Amma Spitfire IX ma ai irin injin nan ke cikinsa. Me ya hana shi zuwa Berlin?

Bakatsine77:
Ni abin da ya ɗaure mini kai, na ga an rubuta tankin Spitfire galan 85, an kuma rubuta tankin Mustang galan 85. To ina bambancin?

DanDamagaram:
Bakatsine77, nan ne galan ke yaudarar mutane, shi ya sa mu da lita muke lissafi. Galan ɗin Ingila lita 4.55 ne, na Amurka lita 3.79. Galan 85 na Spitfire shi ne man jirgin gaba ɗaya, tankuna biyu ɗaya bisa ɗaya tsakanin inji da matuƙi, kimanin lita 386. Galan 85 na Mustang kuwa tankin ƙari ne kawai da aka cusa bayan kujera. A fukafukansa akwai galan 92 kowane gefe. Ka haɗa, galan 269, wato lita 1,018. In aka rataya masa tankunan zubarwa biyu masu galan 108 kowanne, ya haura lita 1,800. Ko Spitfire VIII da aka ƙara wa ƙananan tankuna a fiffike bai wuce kusan lita 560 ba. Inji iri ɗaya, shan mai kusan ɗaya, amma wani da tulu ya fito wani da randa.

MaiSufana:
Ba mai kaɗai ba ne, a ba Dan_Fagge haƙƙinsa. Su kansu sojan saman Ingila sun gwada jiragen biyu a 1944, suka tarar in aka ba injinan ƙarfi daidai, Mustang ya fi Spitfire IX gudu da mil 20 zuwa 30 a awa, alhali ya fi shi nauyi. Dalili yana wurin lagireto. Spitfire IX akwatuna biyu gare shi a ƙarƙashin fukafukai, suna tare iska. Mustang nasa yana ƙarƙashin ciki a bayan matuƙi, cikin wani dogon bututu. Bakin bututun an ɗan janye shi daga jikin jirgi don kada ya sha iskar da ta riga ta gaji da gogar jiki. Bututun ya faɗaɗa, iska ta rage gudu ta ratsa lagireto ta yi zafi, sannan ya tsuke ta fita da ƙarfi ta wata ƙofa mai buɗewa da rufewa da kanta. Turin da take yi yana biyan mafi yawan abin da lagireton ya ci. Ga kuma tayoyi duka a rufe ruf, har ta wutsiya. Sai dai ko wannan dabarar, wani masani a Farnborough, cibiyar binciken jirage ta Ingila, mai suna Meredith ne ya rubuta lissafinta tun tsakiyar shekarun 1930.

Sarkin_Gardama:
Ka ji ko? Duk inda ka tona sai ka ci karo da Ingila.

Hajiya_Tarihi:
Malam Dan_Fagge, tambayarka ta haɗa shekarun da bai kamata a haɗa ba. Spitfire ya fara tashi ranar 5 ga Maris 1936, Hurricane a Nuwamba 1935. Abin da aka ce wa R.J. Mitchell da Sydney Camm su yi shi ne jirgin tsaron gida: rada ta hango maƙiyi, a buga ƙararrawa, ka tashi ka hau ƙafa 20,000 cikin 'yan mintuna, ka yi harbi, ka sauka a filin da ka baro. Wanda zai yi wannan, kowace litar da ya ƙara nauyi ce a kansa. A gwajin da MaiSufana ya ambata ma, Spitfire IX ya fi Mustang saurin hawa, ya kuma fi shi iya juyawa. Spitfire IX da lodinsa tan 3.4 ne, P-51D kusan tan 4.6.

Sannan a duba abin da Amurka ke da shi a damina ta 1940 lokacin da ake ruwan bama-bamai a kudancin Ingila: P-36 da P-40 na farko-farko. Mustang bai ma tashi ba sai a kwanakin ƙarshe na wannan gumurzun. Ba a gwada ɗan fari da auta a ce auta ya fi wayewa.

Kurman_Gari:
Kowa Spitfire, Spitfire. A 1940 Hurricane ne ya fi yawa, shi ya fi kakkaɓo jirage. Bayansa bututun ƙarfe ne da katako aka lulluɓe da ƙyalle, harsashi kan ratsa ya wuce. A fili ake like shi da ƙyalle da fenti mai tauri, gobe ya tashi. Jikin Spitfire kuwa fatar alminiyam ce ke ɗauke da nauyi, in ta yage sai masu rifit. Ƙafafun Hurricane a buɗe suke, bindigoginsa huɗu-huɗu a cure wuri ɗaya, loda musu harsashi ya fi sauri. Aibinsa wuta: akwai ƙaramin tanki gaban matuƙi da ba a lulluɓe shi da robar toshe huda ba da farko, ga tankunan gindin fiffike. Matuƙa da yawa sun ƙone a fuska da hannu.

MaiSufana:
Tunda ana ta yabon Merlin, a faɗi tabonsa. Kafiretarsa ta farko mai tulu ce da fulot, irin ta tsohuwar mota. In matuƙi ya tura sanda gaba da ƙarfi don ya yi nutso, mai ya taso sama cikin tulun, inji ya shaƙe, daga nan kuma mai ya yi ambaliya, ya yi tari da baƙin hayaƙi. Messerschmitt 109 famfo ke fesa masa mai kai tsaye cikin silinda, ba ruwansa da wannan. Bajamushe in ya ga an biyo shi sai ya duƙar da hanci kawai ya tsere. Ɗan Ingila sai ya fara kifar da jirgin sannan ya ja sanda, daƙiƙun nan kuwa sun isa. A 1941 wata injiniya a Farnborough, Beatrice Shilling, ta kawo maganin wucin gadi: ƙaramin washa mai huda da aka sa a bututun mai, ba ya barin abin da ya wuce buƙatar inji a cikakken wuta ya shiga. Maganin dindindin kuwa kafireta ce marar fulot ta Bendix-Stromberg, mai tura mai da matsi. Ta Amurka ce. Sarkin_Gardama, ka rubuta wannan ma.

Dan_Fagge:
Allah ya biya ka MaiSufana. Ku ƙara da man fetur mai oktan 100 da aka riƙa shigowa da shi ta teku, da kuma farfelar de Havilland wadda asalinta lasisin Hamilton Standard ne na Amurka.

Injiniya_BK:
Man nan shi ya ba su damar kai matsin iska zuwa laba 12 na ɗan lokaci a 1940. Ga wani wurin da ake rikicewa kamar na galan. Ingila tana auna abin da ya ƙaru a kan matsin iskar duniya, da laba. Amurka tana auna duka, da incin zaiba. Lissafin: ka ninka labar da 2.04, ka ƙara 29.9. Laba 12 ta zama inci 54, laba 18 ta zama inci 67. To inci 67 shi ne ƙarshen wutar gaggawa ta P-51D, laba 18 kuma ita ce ta Spitfire mai Merlin 66. Wanda ya ga 67 da 18 ya ce na Amurka ya ninka, bai san abu ɗaya ake faɗa da harshe biyu ba.

Bakatsine77:
To batun bindiga fa? Takwas ta Spitfire ba ta fi shida ta Mustang ba?

Tsohon_Makera:
Ba a ƙirga baki, nauyin abin da ke fita ake dubawa. Harsashin .303 na Ingila, milimita 7.7, giram 11 ne, irin na bindigar sojan ƙasa. Na .50 na Amurka, milimita 12.7, ya haura giram 40. Na igwa Hispano mai milimita 20 kusan giram 130 ne, kuma akwai mai fashewa. Spitfire na farko harsashi 300 ke kowace bindiga, daƙiƙa 15 ya ƙare. Da Jamus ta sa wa jiragenta sulke da tankuna masu toshe kansu, sai .303 ya zama kamar jifa da tsakuwa. Shi ya sa aka matso da wurin da harsasan fukafukai biyu ke haɗuwa daga yadi 400 zuwa 250, a je kusa a zuba.

Ingila ta koma igwa, amma ta sha wuya. An ƙera Hispano ne don a ɗaure ta a jikin inji, wuri mai tauri. A fiffiken Spitfire siriri sai aka kwantar da ita a gefe, fiffike kuma yana lanƙwasa in ana juyi, sai ta cije. Runduna ta 19 ta sojan saman Ingila ta gwada a 1940 ta nemi a mayar mata da tsofaffin bindigoginta. In ta gefe ɗaya ta cije, ta ɗaya gefen sai ta riƙa karkatar da hancin jirgi duk harbi. Gangar harsashi 60 ce da farko, daƙiƙa shida ke nan, daga baya aka koma bel mai 120.

Amurka ta tsaya kan .50 saboda dalilai biyu. Abokan faɗanta yawanci ƙananan jirage ne, ba manyan masu sulke ba. Na biyu, Hispano da ta kwaikwaya ta yi ta ƙin tashi, don ɗakin harsashinta ya ɗan fi tsawo, allura ba ta dukan gindin harsashi sosai. P-51D harsashi 1,880 yake ɗauka: 400 a kowace ta ciki, 270 a sauran huɗun.

Sarkin_Gardama:
Ka manta P-51B bindiga huɗu ce kawai, a karkace aka ɗaura su, in aka ja juyi mai ƙarfi bel ya sarƙe. Akwai masu dawowa da bindiga ɗaya tak tana aiki. Sai a D aka miƙe su tsaye. Madubin saiti K-14 ma da ake yabo, kwafin na Ingila ne.

Yar_Yerwa:
Ku dakata da Turai, jiragen nan sun bi ta kanmu. Da Italiya ta shiga yaƙi a 1940 Bahar Rum ta zama haɗari, sai aka riƙa kawo jirage cikin akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar da yanzu ake kira Gana. A can ake haɗa su, su taso Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Njamena ta yau, El Geneina, El Fasher, Khartum, har Masar. Ayarin farko a Satumba 1940 ne, Hurricane shida da jirgin bam Blenheim ɗaya a gaba, don shi ke da mai duba hanya. Kafin a daina, jirage sama da 5,000 sun bi hanyar. Hurricane sai an rataya masa tankunan ƙari a ƙarƙashin fukafukai. Ana kuma shafa farin fenti a saman bayansa, don in ya faɗi a daji masu nema su hango.

Zangon_Kumasi:
Gaskiya ne, Yar_Yerwa. A ƙara da cewa a Mayu 1942 jirgin ruwan Amurka mai suna Ranger ya tsaya a teku ya saki P-40 guda 68 suka sauka Akkara, su ma suka bi wannan hanya zuwa gabas.

DanDamagaram:
Hanyar ta yiwu ne don gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi De Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, a Agusta 1940. Nijar a lokacin tana hannun 'yan Vichy, gwamnatin Faransa mai biyayya ga Jamus, saboda haka matuƙin da hazo ya ɓatar ya karkata arewa daga Kano ya shiga wata rigimar.

MaiSufana:
Wannan hanyar ta fito da abin da takardar gudu ba ta nunawa, wato ƙura. Bakin shan iska na Merlin yana ƙarƙashin hanci, daidai inda farfela ke tayar da rairayi. Rairayi in ya shiga, ya haɗu da baƙin mai ya zama kamar sanfefa, ya cinye ringi da bangon silinda, inji ya fara shan mai yana rasa matsi. Jirage da yawa suna isa Masar sai an sauke inji. Maganin shi ne matatar Vokes, wannan ƙaton haɓar da kuke gani a hotunan Spitfire V da Hurricane na hamada, ita kuma tana cin gudu da hawa. Makanikan Aboukir a Masar suka ƙera ƙarama wadda ta fi ta. P-40 mai Allison bakinsa a saman hanci yake, ya fi nisa da ƙura, injin kuma ya fi sauƙin sassa. Hujja: P-40F da aka sa wa Merlin ya sha wahalar rairayi, wasu kuma daga baya aka ciro injin aka mayar musu da Allison saboda ƙarancin kayan gyara. A hamada, ƙasa da ƙafa 15,000, Kittyhawk, sunan da Ingila ta ba P-40, jaki ne mai ɗaukar duka.

Wani abu: Spitfire na farko ba ya son jira a ƙasa. Ƙafar taya tana tare bakin lagireton da ke ƙarƙashin fiffiken dama, in ya daɗe a tsaye inji na aiki ruwa ya tafasa. Ka kwatanta wannan da zafin Maiduguri a watan Afrilu.

Kurman_Gari:
Har yanzu ba wanda ya taɓo Thunderbolt.

Injiniya_BK:
Shi ne ainihin amsar Amurka, ba aron kowa. Injin Pratt & Whitney R-2800, silinda 18 a zagaye layi biyu, lita 46, doki 2,000, iska ke sanyaya shi. Merlin lita 27 ne. Sojan saman Amurka sun dogara da tarbo na General Electric, wanda hayaƙin salansa ke juyawa, maimakon fanka ta biyu mai giya. Alexander Kartveli ya ajiye tarbon a bayan matuƙi: bututu na kai hayaƙi baya, wani na kai iska, ta matsu, ta bi ta na'urar sanyayawa, ta dawo gaba zuwa kafireta. Wannan ya sa cikinsa ya yi tulu, da lodi ya haura tan shida. A ƙafa 30,000 ƙarfinsa na nan daram, a nutso ba mai bin sa, amma a hawa nawa gare shi, sai farkon 1944 da aka ba shi farfela mai faɗin ganye da fesa ruwa a inji.

Ga inda ya fi su duka. Mustang da Spitfire ruwa ke sanyaya su, harsashi ɗaya a bututu ko lagireto, ruwa ya tsiyaye, cikin mintuna inji ya kama. R-2800 kan dawo gida an fasa masa kan silinda. Bututan ƙarƙashin cikinsa kuma kan zama katifa in aka sauka ba taya. Mustang in ya faɗa teku, bakin nan na ƙarƙashi ya ɗebi ruwa ya nutse nan take, shi ya sa ake ce wa matuƙa gara su yi tsalle da laima.

Sarkin_Gardama:
Mu kuma Typhoon: igwa huɗu, roka takwas, doki sama da 2,000.

Tsohon_Makera:
Malam, kar ka ja mu nan, za ka ji kunya. Injin Napier Sabre silinda 24 ne, ba bawul irin wanda muka sani, hannun riga ne na ƙarfe ke zamewa cikin silinda yana buɗe ƙofofi. Da farko hannayen nan ba sa fitowa da'ira sosai, suna cinyewa cikin 'yan awoyi, sai da kamfanin Bristol ya sa hannu aka kuma kawo injinan wasa ƙarfe daga Amurka. Hayaƙi mai guba na shiga ɗakin matuƙi, dole ya sa takunkumin iska tun daga tayar da inji. Wutsiya kuma ta yi ta ɓallewa a sama, aka bi mahaɗin da faci-facin ƙarfe kafin a gano girgizar fiffiken wutsiya ce. Tempest ne ya wanke shi: fiffike siriri, jiki ya ɗan ƙara tsawo don a sa tanki. Ƙasa da ƙafa 20,000 a 1944 da wuya ka samu wanda ya fi shi gudu, kuma shi ya fi kowane jirgi kakkaɓo bam mai tashi V-1, sama da 600.

Hajiya_Tarihi:
Kowa da nasa tabon. Lightning a sararin Turai ya sha kashi: ɗakin matuƙi ba ɗumi don injinan suna nesa da shi, tarbo da sanyi ba sa shiri, in kuma ya yi nutso daga can sama sanda ta ƙage hanci ya ƙi ɗagowa, sai da aka ƙara masa wasu ƙananan faranti ƙarƙashin fiffike. Amma a tekun Pasifik shi ya yi tafiyar da ta kashe Yamamoto, babban kwamandan sojan ruwan Japan, ranar 18 ga Afrilu 1943, kuma matuƙin Amurka Richard Bong da shi ya kakkaɓo jirage 40. Spitfire da aka kai Darwin a Ostireliya a 1943 kuwa, a faɗan 2 ga Mayu wasu man su ne ya ƙare kafin su iso gida.

Dan_Fagge:
Yauwa Hajiya, kin dawo kan maganata. A teku fa? A nan ai ba gardama.

Zangon_Kumasi:
A nan kam na ba ka. Seafire, Spitfire ne aka sa wa ƙugiya don sauka a kan jirgin ruwa. Ƙafafunsa a matse, ba a yi su don a buga su da bene, wato filin saukar da ke kan jirgin ruwa, ba. A Salerno ta Italiya, Satumba 1943, iska ta kwanta, jiragen ruwan da ke ɗauke da su kuma ƙanana ne marasa gudu, sai asarar sauka ta ninka ta faɗa nesa ba kusa ba. Har datse bakin farfela aka yi da inci biyu don ta daina sarar bene. Hellcat tun daga takarda don bene aka yi shi, an ƙera 12,275. Sojan ruwan Ingila da kansu suka karɓi Wildcat da Hellcat da Corsair.

Sarkin_Gardama:
Corsair ɗin da masu shi suka tura tudu? Hanci dogo ba ka ganin bene, ƙafa na tsalle, fiffiken hagu na faɗuwa kafin na dama in gudu ya ragu. 'Yan Ingila suka datse bakin kowane fiffike inci takwas don ya shiga rumbun jiragensu, suka riƙa zuwa sauka a lanƙwashe ta hagu don mai ba da alama ya kasance a idonsu har ƙarshe. A Afrilu 1944 da shi suka raka harin da aka kai wa Tirpitz, babban jirgin ruwan yaƙin Jamus, daga kan jirgin ruwansu Victorious. Amurka sai ƙarshen shekarar ta sa shi a bene sosai.

Injiniya_BK:
Da gyara kaɗan. Ba wuyar sauka kaɗai ta sa aka tura shi tudu ba, har da batun kayan gyara: sun fi son jirgi iri ɗaya a duk jiragen ruwa, Hellcat kuma ya riga ya cika rumbu. Faɗuwar fiffike kuma da ɗan ƙarfe mai tsawon inci shida aka magance ta, an lika shi a gaban fiffiken dama don biyun su saki iska tare.

Bakatsine77:
To wai ba yadda za a yi Spitfire ya yi nisa ne?

DanDamagaram:
Ya yi, amma ba bindiga. Na ɗaukar hoto an mai da gaban fiffikensa tanki, galan 66 na Ingila kowane gefe, yana zuwa Berlin ya dawo. Sai dai wurin da man ya zauna ba ya haɗuwa da kayan faɗa. Zuwa Malta ma a 1942 daga kan jirgin ruwa, sai da aka manna masa tankin galan 90 a ciki. Faifan rage gudu na fiffikensa matsayi biyu kawai gare shi, a rufe ko a sauke gaba ɗaya, don haka aka riƙa cusa guntun katako ya riƙe shi a ɗan buɗe. In an tashi matuƙi ya sauke faifan katakon ya faɗi, ya mayar.

Dan_Fagge:
Katako! Jama'a kun ji. Ni har yanzu ina kan bakana. Ku ƙara da kuɗi: a ƙarshen yaƙi Mustang kusan dala 51,000 ne, Thunderbolt sama da 80,000, Lightning kusan 100,000. Shi ne mafi arha, ga kuma nisa. Runduna ta 4 ta Amurka da Spitfire ta fara, ta koma Thunderbolt, ta ƙare a Mustang, ba ta waiwaya ba.

Hajiya_Tarihi:
Ta ƙare a Mustang ne don aikinta rakiya. Ka ba su aikin tare maƙiyi cikin minti goma ka ga ko ba za su nemi Spitfire XIV ba, mai injin Griffon da farfela mai ganye biyar. Runduna ta 56 ta Amurka kuma, ɗaya daga cikin na kan gaba a yawan kakkaɓowa a sama, a kan Thunderbolt ta zauna har aka gama.

MaiSufana:
Dan_Fagge, nisan nan ba kyauta ya zo ba. Tankin bayan kujera in yana cike, nauyi ya koma baya. Ka shiga juyi mai tsanani, jirgin ya riƙa ƙara matse juyin da kansa, maimakon ka ja sanda sai ka koma tura ta. Don haka tsarin shi ne a tashi da tankin fiffiken hagu, a koma na baya a sha har ya rage kamar galan 30 zuwa 40, sannan a juya kan na zubarwa, wannan gefe da wancan bi da bi don kada jirgi ya karkace. Awoyi ana tafiya da ƙaramar wuta kuma dalmar cikin mai na toshe fulogi, sai an riƙa buɗe wuta lokaci-lokaci a ƙone ta. Merlin ɗin kuma ba daga Derby, gidan Rolls-Royce a Ingila, ya zo ba, Packard ne ya ƙera shi a Detroit, sama da 50,000, ya kuma bar masa notuna masu awon Ingila. Spitfire XVI, Spitfire IX ne da injin Packard, aka sauya masa lamba don kada a cakuɗa kayan gyara.

Sarkin_Gardama:
Tankunan zubarwan masu galan 108 fa, da me aka yi su?

MaiSufana:
Takarda da gam, kuma a Ingila. Ana cika su ne dab da tashi, don in mai ya kwana ciki zai jiƙa su su fara yoyo. Ba a sauka da su, ko an fasa tafiya sai an je an zubar. Wanda ya faɗa ƙasar Jamus kuma ba su samu alminiyam a ciki ba.

Dan_Fagge:
To takarda ta Ingila, amma maratayin da fiffiken da ya ɗauke ta na wa?

Kurman_Gari:
Hajiya ta ambaci Griffon ta wuce. A lura, yana juyawa ne saɓanin Merlin. Matuƙin da ƙafarsa ta saba danna dama wajen tashi, in ya hau XIV sai ya danna hagu, ya kuma saita wutsiya tun kafin ya saki burki, ya buɗe wuta a hankali. In ya buɗe gaba ɗaya jirgin kan yi tafiyar kaguwa zuwa dama har taya ta goge. Burkin ma ba irin na Amurka ba ne da ake takawa da yatsun ƙafa, hannu ne a jikin sanda mai aiki da matsattsiyar iska, kana matsawa kana karkata feda. In iskar kwalbar ta ƙare a dogon zagaye a ƙasa, ba burki ba faifai.